Filin Silima: Talaka da Mutuncinsa

 A wannan wata filin zai yi magana bisa wani irin silima da ba a cika ganinsa ba a fada ko cikin salular samari. Kowa ya san silimar faɗa, inda mutum guda ke kada goma bai ko yi zufa ba. Kowa ya san ta Indiya mai rawa da waƙa, da ta Kano mai labarin soyayya da kishi. To akwai wata wadda mutumin da ake nunawa cikinta talaka ne kamar kowa: tsohon soja, mai amalanke, magidanci marar aiki, budurwar ƙauye. Wahala ta same shi, sai a zuba ido a ga abin da zai yi da mutuncinsa, a kuma ga wanda nauyin wahalar zai faɗa wa a cikin gida. Ƴan Afirka sun fara yin irin wannan silima tun shekarun 1960, kuma ƴan Nijar suna cikin na gaba.

TSOHON SOJA YA DAWO GIDA

Na farko shi ne "Cabascabo", wanda Umaru Ganda ya yi a 1968. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Karatun firamare kaɗai ya yi. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, can gabashin duniya, yaƙin da ya ƙare a 1954 da Faransa ta sha kashi. Da ya dawo gida bai samu aiki ba, sai ya tafi biɗa Abijan, ya yi dako a bakin teku inda jirage ke sauke kaya. Can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya daɗe yana ɗaukar hoto a Nijar, wanda ya sa shi cikin silimarsa "Moi, un noir" ta 1958. Daga nan ya koyi sana'ar. Saboda haka da ya tashi yin tasa silima, labarin da ya sani ya ɗauka, kuma shi da kansa ya fito a matsayin Cabascabo.

Silimar ba ta da tsawo, minti 45 ce, hoton fari da baƙi, ana magana da Zabarmanci. Cabascabo ya sauka gida da kuɗin sallama cikin aljihu. Dangi da abokai suka tarye shi. Kowa na son ya zauna kusa da shi, kowa na son ya ji labarin yaƙi, shi kuwa yana bayarwa, yana kuma biyan abin da aka ci da abin da aka sha. Maroƙa suka samu nasu, matan bariki suka samu nasu. Ba a daɗe ba aljihu ya bushe. Ranar da kuɗi suka ƙare, ranar abokai suka ƙare. Waɗanda jiya ke kiransa da kirari, yau in sun hango shi sai su sake hanya.

Nan ne silimar ta fi daɗin kallo, nan ne kuma ta fi ciwo. Cabascabo ya shiga neman aiki. Abin da ya samu shi ne aikin lebura, inda ake yi masa tsawa kamar yaro, babu wanda ya damu da inda ya je ko abin da ya gani. Mutumin da ya ƙetare teku ya ga mutuwa da idonsa, ga shi ana aikensa. Zuciyarsa ta ƙi ɗauka. A ƙarshe ya saɓa kayan aikinsa a kafaɗa, ya juya wa birni baya, ya nufi karkara.

Jama'a, ku lura da abu ɗaya. Umaru Ganda bai ce Cabascabo ba shi da laifi ba. Shi ya watsar da kuɗinsa da hannunsa, don yana son a ce da shi wani ne. Ya ɗauka girman da ake ba shi nasa ne, ashe na aljihunsa ne. Amma silimar ta nuna laifin waɗanda suka ɗauki yaro suka kai shi yaƙin da ba nasa ba, suka sallame shi babu sana'a a hannu. Ta kuma nuna laifin gari, wanda ya iya taya mutum ci amma bai iya taya shi tashi ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai da Cabascabo ya rasa kome sannan ya gane haka.

Wannan labari ba na tsofaffin soja kaɗai ba ne. Duk ƙauyen da samari ke tafiya cin rani Najeriya, ko Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, an san Cabascabo a cikinsa. Yaro ya yi wata bakwai yana kwana bisa kwali, yana cin gari da ruwa don ya tara. Ya dawo da sabuwar riga da salula, a kwana 20 ya ƙarar da abin da zai sayi tunkiya biyu da buhun iri. Damana ta faɗi, uwarsa ce za ta saida akuyarta a sayi gero. Duk saurayin da ke shirin dawowa gida bana, ya kamata ya san labarin wannan silima kafin ya sauka tasha.

An nuna "Cabascabo" a babban taron silima na Kan, a Faransa, a 1969, ta kuma samu kyauta a Masko a wannan shekara.

MAI AMALANKE A BIRNIN DAKAR

Na biyu daga Sanigal yake. Usman Sembene, ɗan masunci, wanda aka haifa a 1923, shi ma bai yi nisa a lakkol ba. Ya yi birkila, ya yi soja, ya yi dako a Marsai ta Faransa, sannan ya fara rubuta littattafai. Da ya ga mutanen da yake rubutu dominsu yawancinsu ba su iya karatu ba, sai ya tafi Masko ya koyi silima. Ya kan kira silima makarantar dare. A 1963 ya yi "Borom Sarret", wato mai amalanke, ƴar gajeruwa ce ta kusan minti 20.

Wuni guda aka nuna na wani mai amalanken doki. Ya yi sallar asuba ya fita. Mutanen unguwa suka hau, suka sauka, wasu da godiya kaɗai suka biya shi. Ya kai mace mai naƙuda gidan haihuwa. Ya ɗauki wani uba da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta, mai gadi ya hana uban shiga don ba shi da takarda, mai amalanke ya ajiye gawar a bakin ƙofa ya yi gaba, don shi ma cikinsa yake nema wa. Da rana wani maroƙi ya tare shi, ya dinga wasa kakanninsa, yana cewa jinin manya ne. Kan mai amalanke ya kumbura, ya zazzage ɗan abin da ya samu tun safe ya ba maroƙi. Ya koma yana cin goro a madadin abincin rana.

Daga nan wani mai kwat ya zo ya ce a kai shi Filato, unguwar manya, inda doka ta hana amalanke shiga. Mai amalanke ya san da dokar, amma ya ga mutumin da alamar kuɗi da alamar sanin manya, ya yarda. Ɗan sanda ya tare su. Mai kwat ya shige mota ya tafi bai biya ba. Aka rubuta wa mai amalanke tara, aka karɓe amalanken. Lambar girmansa ta soja ta faɗi ƙasa, ɗan sanda ya taka ta da takalmi. Ya komo gida yana jan doki, hannu wofi.

Ƙarshen silimar shi ne abin da ya kamata maza su duba da kyau. Matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta miƙa masa jaririn da ke hannunta, ta ce masa yau za a ci abinci a gidan nan, ta fita. Ba a nuna inda ta tafi ba, ba a nuna abin da za ta bayar ba kafin ta samo abincin. Sembene ya bar wa mai kallo wannan tambaya. Tun safe ana bin mijin ana jin kukansa, amma wadda za ta biya kuɗin wautarsa da zaluncin da aka yi masa, ɗan lokaci kaɗan aka gan ta. Haka abin yake a gidaje da yawa. Wahalar namiji ana jin ta a fada. Ta mace kuwa tana tsakanin rijiya da turmi da murhu, babu mai ba da labarinta.

MANDA TA ZO, TA ZAMA MASIFA

Na uku shi ma na Sembene ne, "Mandabi", na 1968, da harshen Wolof. Ma'anarsa manda, wato takardar kuɗi ta gidan waya. Ibrahima Dieng dattijo ne a Dakar, mata biyu, ƴaƴa bakwai, ya daɗe ba shi da aiki. Amma in ya sa babbar rigarsa ya fito, sai ka ce wani attajiri. Ɗan ƴar uwarsa Abdu, wanda ke sharar titi a Pari, ya aiko da manda ta jikka 25, wato sefa 25.000. Cikin wasiƙa ya ce a ajiye masa jikka 20, a ba uwarsa 3, kawu ya riƙe 2.

Kun ji, jikka 2 kaɗai ke nasa. Amma kafin ya taɓa ko dala, labari ya gama unguwa. Matansa sun karɓo shinkafa bashi wurin mai kanti. Maƙwabta sun yi layi, wannan na son rance, wancan na son mudu guda. Dattijo ba ya iya cewa babu, don kada a ce ya yi rowa.

Ya tafi gidan waya, aka ce sai da katin shaida. Ya tafi wurin ƴan sanda neman kati, aka ce sai da takardar haihuwa da hoto da tambur. Ya tafi ma'aikatar magajin gari, aka ce ya faɗi rana da watan da aka haife shi, shi kuwa abin da ya sani kawai wajen 1900 ne. Mai hoto ya karɓi kuɗinsa bai ba shi hoto ba, da ya yi magana aka yi masa duka. Kowace ƙofa ya taɓa sai an ci wani abu daga jikinsa. Ga ƴar uwarsa ta zo daga ƙauye tana neman jikkarta 3. Har sarƙar zinariyar matarsa aka kai jingina. A ƙarshe wani ɗan boko mai suna Mbaye ya ce zai taimake shi, ya sa shi ya ba shi wakilci a rubuce, ya je ya karɓi kuɗin, ya dawo ya ce an yi masa sane.

Dieng ba wawa ba ne. Mutum ne mai sallah, mai kunya, mai riƙon amana. A zamanin kakanninsa wannan ya isa mutum ya zauna lafiya. Amma an wayi gari cikin zamanin da takarda ke magana a madadin mutum, shi kuwa bai iya karanta ko wasiƙar da aka aiko masa ba, sai ya nemi mai karanta masa, asirinsa ya fita. Rashin sani ya fi dare duhu. Da abin ya ishe shi, ya ce daga yau shi ma zai zama macuci kamar kowa. Mai rabon wasiƙu ya amsa masa cewa su ne za su gyara ƙasar, shi da matansa da ƴaƴansa da sauran mutanen kirki.

Akwai darasi biyu a fili. Na ɗaya, duk wanda aka yi wa haihuwa ya je ya yi wa yaron takarda tun da wuri, kada ya bari sai ranar buƙata. Na biyu, kada mutum ya dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ko da wanda ya kawo ta ɗan uwa ne. Akwai kuma na uku wanda ba a cika lura da shi ba. Cikin dukan mutanen silimar, wanda ya fi kowa sadaukarwa shi ne Abdu, yaron da ke riƙe da tsintsiya cikin sanyin Pari, ya hana kansa daɗin duniya don ya tara abin da zai dawo da shi gida. Guminsa ne aka cinye a Dakar. "Mandabi" ta samu kyauta a taron silima na Benis, a Italiya, a 1968.

SADAUKARWA IRI BIYU CE

A nan ya kamata a rarrabe. Akwai abin da mutum ya bayar da kansa, da saninsa, don wasu su tsira. Akwai kuma wanda aka kama aka bayar, ba a tambaye shi ba, sannan aka ce ya yi sadaukarwa. Silimar Nijar ta yi magana bisa wannan na biyu har sau biyu.

Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru da yawa kuma ya rasu a 2015, ya yi "Toula" a 1973 tare da wata Bajamusa, Anna Soehring. Labarin daga rubutun Bubu Hama aka ɗauko shi, tsohon labari ne na ƙasar Sanwai. Fari ya sauka, rijiyoyi sun ƙafe, dabbobi na mutuwa. Sarki ya kira boka, boka ya ce aljanin ruwa na son budurwa. Aka zaɓi Tula, ɗiyar ƴar uwar sarki. Saurayin da ke sonta bai yarda ba, ya tafi neman ruwa da ƙafarsa don ya cece ta. Ya samo, ya dawo da albishir, ya tarar an riga an ba da ita, tabki ya haɗiye ta.

Ku tuna shekarar da aka yi wannan silima. A 1973 babban fari yana cin Nijar da dukan Sahel, garkuna sun ƙare, mutane sun bar garuruwansu. Masu kallo na lokacin ba tatsuniya suka gani ba, halin da suke ciki suka gani. Silimar ta aza hanya biyu gaban jama'a: ta boka, wadda ke neman ran wani, da ta saurayi, wadda ke neman ruwa inda yake. Kuma ta nuna cewa in gari ya shiga uku, wanda ba shi da baki a fada shi ake fara miƙawa.

Umaru Ganda ya taɓa wannan magana ta wata hanya cikin "Le Wazzou polygame". Wani Alhaji ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ga Satu ya ce sai ita, alhali an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Iyaye suka ga dukiya, suka bayar. Ba a tambayi Satu ba. Kishi ya tashi cikin gidan, matar Alhaji ta biyu ta yi niyyar kashe amarya, sai ta kashe wata ƙawar amarya bisa kuskure. Auren da aka ƙulla don kuɗi ya ƙare da gawa. Wannan silima ce ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka fara ba da ita. Wato ɗan Nijar ne ya fara ɗaukarta a duk Afirka.

Yau ba mai kai ɗiyarsa bakin tabki. Amma shekarar da gero bai yi ba, akan ga uba ya fidda yarinya daga lakkol ya aurar da ita don a rage baki a gida, ko don sadakin ya sayi hatsi. In an tambaye shi sai ya ce yarinyar ta taimaki iyayenta. To wa ya tambaye ta? Wanda ya ga "Toula" zai san sunan wannan abu.

SU MA MASU YIN SILIMAR SUN BIYA

Waɗanda suka yi wannan aiki ba su yi arziki da shi ba. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45, jim kaɗan bayan ya gama "L'Exilé" ta 1980, wadda ke magana bisa nauyin alkawari. An sa sunansa ga babban gidan al'adu na Yamai, kuma FESPACO na ba da wata kyauta da sunansa. Zalika Sule, wadda ta fito cikin "Cabascabo" ta kuma fito a matsayin kishiyar nan ta "Le Wazzou polygame", ta sha zagi a gari, don mutane da yawa ba su rarrabe wasa da gaskiya ba, suka ɗauka halinta ke nan. Da silimar Nijar ta durƙushe, har aikatau ta yi a Amurka. Rahmatu Keita ta ba da labarinta cikin silimar "Al'lèèssi" ta 2004. Zalika ta rasu a 2021. Sembene kuwa ya rasu a Dakar a 2007.

YADDA ZA A KALLA

Yawancin gidajen silima na da sun rufe, amma waɗannan finafinai ba su ɓace ba. In ƙungiyar samari, ko ta mata, ko malamin lakkol ya samo ɗaya daga cikinsu, a taru a kalla tare, kada kowa ya shige ɗaki da salularsa. Da yake da Zabarmanci ko Wolof ko Faransanci ake magana, a samu mai fassarawa ya zauna tsakiya. In an gama kada a watse. A zauna a tambayi juna: wa ya yi asara a labarin nan? Wa ya ci riba? Wa ya biya ba a gode masa ba? A ina mutumin nan ya kuskure, a ina kuma aka zalunce shi? Akwai irinsa a garin nan? A bar mata su yi magana, a bar samari su yi magana, don su ne silimar ta fi nunawa.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba da damana mai albarka, ya dawo da ƴan cin rani gida lafiya. Sai wata mai zuwa.